Wai me ya haɗa ɓera da ciwon Fragile X?

Maman_Biyu: Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin likitanci ku taimaka. Likita ya ce ɗan yayata yana da Fragile X, yaron ba ya haɗa ido da kowa, in an yi baƙi sai ya shige bayan kujera ya toshe kunne. Na ji wai a jikin ɓeraye ake binciken abun, to ina ruwan ɓera da zumunci?

Ɗalibin_Lab: Hajiya ai ɓera ma yana da zumunci! A ciwon Fragile X, ƙwayar gado ce mai suna FMR1 ke daina aiki, ita ke samar da furotin ɗin da ke taka burki a mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in babu shi sai hayaniya ta yi wa ƙwaƙwalwa yawa. Tun 1994 aka samar da ɓerayen da aka kashe musu ita, ana saka ɓeran a akwati mai ɗaki uku a ga ko zai je ya shinshina baƙon ɓera ko zai kauce.

Baffa_Sule: Amma fa magungunan da suka gyara ɓerayen, da aka gwada su a jikin mutane ba su yi aiki ba, kar a sa rai da yawa.

Maman_Biyu: Allah sarki, shi ya sa ranar suna ya wuni a ɗaki kenan. Na gode, Allah ya saka.