Neman shawara: za mu zuba sabobi huɗu cikin na'ura guda

Abdulkarim, Yamai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin kayan gini a nan Yamai, muna da reshe a Tahoua. Sabobinmu huɗu, wato manyan kwamfutocin da sauran ke dogara da su, duk sun tsufa: ta lissafin kuɗi, ta takardu, ta kayan magaza, da mai riƙe da Active Directory, wato rajistar sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu na shiga kwamfuta. Biyu suna kan Windows Server 2012 R2, wanda Microsoft ya daina aiko wa gyaran tsaro tun Oktoban 2023. Da zafin Afrilu ya kama sai fankokinsu su dinga kuka, in wuta ta ɗauke kuma ondulur, na'urar batirin ajiyar wuta, ba ta riƙe su har a tada gurup, wato janareta. Alhaji ya yarda a sayo na'ura guda mai ƙarfi, kowace saba ta koma na'urar cikin na'ura, wato kwamfutar da manhaja ke kwaikwaya a cikin babbar. Ta ina zan fara? Da wace manhaja zan yi aikin, VMware ko Proxmox?

Malam Mamman:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tun da Broadcom ya sayi VMware a ƙarshen 2023 aka daina sayar da lasisin dindindin, sai biyan kuɗi lokaci-lokaci. Sabobi huɗu, Proxmox ya ishe ka, kyauta ne. Amma ba nan damuwata take ba. Yau in saba ɗaya ta mutu, ukun suna aiki. Gobe in na'urar nan guda ta tsaya, daga kanti har Tahoua ba mai buga rasit. Ka koma wurin Alhaji ka nemi na'ura ta biyu, ko ƙarama ce, ka sa mata Proxmox Backup Server, manhajar ajiye kwafin sabobin, a ajiye ta a wani ɗaki dabam. Kuma kada ka yarda da kwafin da ba ka gwada ba: ka maido da sabar lissafi daga cikinsa, ka kira akanta ya zauna ya buɗe lissafin watan jiya da idonsa.

Hadiza, Tahoua:
Yaya Abdulkarim, leƙa bayan sabar lissafin tukuna. In akwai ɗan makullin USB da manhajar ke dogara da shi, sai ka miƙa shi ga na'urar ciki, in ba haka ba manhajar ba za ta buɗe ba. Duba lasisin Windows ma: wanda ya zo manne da tsohuwar na'ura ba ya bin ka zuwa sabuwa.

Nasiru:
Ni dai da Hyper-V, manhajar Microsoft ta wannan aiki, zan tafi, tunda duk kayanku na Windows ne. Manhajar Disk2vhd za ta kwashe maka faifan tsohuwar saba zuwa na'urar ciki cikin sauƙi. Lasisin Windows Server Standard guda yana ba ka na'urorin ciki biyu.

Malam Mamman:
Nasiru, ba laifi, in hannunsa ya fi sabawa da shi. Sai dai mai Active Directory kada a kwafe ta yadda take. A gina sabuwa a kan sabon Windows, a miƙa mata aikin, sannan a sauke tsohuwar. Abdulkarim, fara da ta takardu, ita ce mai sauƙi, ranar Asabar bayan an rufe. Tsofaffin kuma ka kashe su amma ka bar su a wurinsu, da wayoyinsu, har a rufe lissafin ƙarshen wata lafiya.

Abdulkarim:
Allah Ya saka da alheri. Na leƙa, makullin nan yana nan, shuɗi, ƙura ta rufe shi. Malam, gobe in sha Allah zan shiga wurin Alhaji da maganar na'ura ta biyu kafin a aika kuɗin ta farko.