Musayar Waƙa Kan Tsoron Mutum-mutumi

Ɗan Zazzau:
Da sunan Allah nake farawa,
Kan mutum-mutumin da ake ƙerawa.
Tun ina yaro a gidan kallo,
Na ga Terminator yana harbawa.
Fatar fuska ta ɗaye, ga ƙarfe,
Jan ido ɗaya yana ƙyallawa.
Yau na'ura na zance da mutane,
Shi ya sa zuciyata ke bugawa.

'Yar Gobir:
Malam, fim ɗin na 1984 ne,
Sama da shekara arba'in ana nunawa.
Har yau ba ƙarfen da ya ci gari,
Kuɗin 'yan kallo ake kwashewa.
Da gemunka kana tsoron inuwa,
Jikoki na gefe suna darawa.

Almajirin Arulli:
Hajiya, ina neman afuwa, amma ɗangonki na farko ya karye, domin shekarar da kika saka ba ta zauna kan kowane bahari na arulli, wato ma'aunin karin waƙa, ba, kuma Malam ma ya cusa sunan fim ɗin da ƙarfi har karin ya yi ɗingishi.

Bakatsine:
Allah ya ƙara basira, Hajiya. Mai ƙirga gaɓoɓi ya kawo nasa baitin mu auna, tun da gyaran gidan wani ba wuya.

Ɗan Zazzau:
Hajiya, in inuwa ce ke kora ta,
Kasparov ya fi ni sanin amsawa.
A 1997 kwamfuta ta kada shi,
Gwanin darar Turawa, ba musawa.
Su da ke rubuta mana finafinan tsoron,
A 2023 sun yi yajin rubutawa.
Cikin kukan Hollywood har da na'ura,
Abincinsu take son ƙwacewa.

Almajirin Arulli:
Bakatsine, ban ce ma'anar ta gaza ba, amma waƙar da ba ta rerawa zube ce aka yanka gunduwa-gunduwa, kuma ga Malam ya ƙara mana shekaru biyu a baiti ɗaya.

'Yar Gobir:
Malam, yanzu ka taɓo inda ke ciwo,
Wanda fim ɗinka bai nunawa.
An aiko wa yayata saƙon murya,
Ta ɗanta sak, yana kururuwa,
Wai an kama shi, a turo kuɗi,
Ta kwashe adashinta tana turawa.
Ashe yaron na aji yana jarrabawa,
Muryar nan da na'ura ake haɗawa.