Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma: har da yaron shago?

Tela daga Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon ɗinki, keke biyar, yara shida. A azumin da ya wuce, goman ƙarshe kusan kullum a shago muke sahur saboda ɗinkin sallah. Ana saura kwana uku, babban yarona, wanda ke yi mini aikin wuyan riga, ya ce bayan sallah zai koma wani shagon. Ban taɓa riƙe masa ko kwabo ba, kuɗin abinci ma ba ya yankewa. Da na matsa masa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, shekara huɗu ina nan, ban taɓa jin ka ce mini sannu ba." Na kai wa mahaifiyata maganar, abin da ta ce kawai shi ne shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ni a sanina wannan karin maganar ta karɓar baƙo ce. Yaron da ke ƙarƙashinka yana cin abincinsa a hannunka, shi ma ya shiga ciki?

Malamin makaranta:
Wa alaikumus salam. Gaskiyarka, daga baƙunta ta samo asali. Baƙo in ya yi sallama, tabarma ce abu na farko da ake shimfiɗa masa, kafin ruwa, kafin abinci. Sai Bahaushe ya lura akwai wanda zai shimfiɗa maka sabuwar tabarma amma fuskarsa a ɗaure, har ka ƙosa ka tashi. Tabarma a nan tana wakiltar duk abin da hannu ke miƙawa. Amma a duba kalmar da kyau: cewa aka yi "ta fi", ba a ce a naɗe tabarmar a jingine ba. Game da tambayarka kuwa, baƙo kwana ɗaya yake yi ya tafi. Yaronka kullum fuskarka yake kallo daga safe har dare. In akwai wanda ya fi buƙatar shimfiɗar nan, ai shi ne.

Makanike:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma ni tsoron wannan karin maganar nake ji a bakin masu gida. Na koyi aiki a hannun wani mutum mai fara'a kamar me. Barkwanci, ba'a, kowa "ɗana" yake ce masa. Sai la'asar ta yi ka ga ba wanda ya sa komai a cikinsa, in ka yi maganar kuɗi ya ce ai mu nan gida ɗaya ne. Shekara biyu na yi na gudu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da yaro ke kashewa ya zo wurin aiki ya koma ya ninka, murmushi kuwa mai adaidaita ba ya karɓarsa. Annabi (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. A fara da wannan tukuna.

Malamin makaranta:
Ban ƙi taka ba. Amma shi Annabin (SAW) ne dai ya ce murmushinka a fuskar ɗan uwanka sadaka ce. Maigidanka fuskar ya bayar ya hana tabarma. Mai tambayarmu ya ba da tabarma ya hana fuska, kuma dukansu yaro ya bar su.

Hajiya mai gidan abinci:
Ni wata karin maganar ce ta faɗo mini da na karanta labarin nan: inuwar giginya, na nesa ka sha. Ɗana tela, ka yi haƙuri da tambayar da zan yi maka. In Alhaji ya shigo da shaddarsa, da wace fuska kake tarbarsa? Na tabbata har bakin ƙofa kake rako shi kana dariya. Yaran nan suna gani. Sun san kana da fara'ar, su ne kawai ba ka ga sun cancance ta ba, abin da ke ci musu rai ke nan.

Ina da 'yan mata huɗu da yaro ɗaya mai kai saƙo. Da farko ni ma faɗa ce sana'ata ta biyu. Abin da ya canza ni, wata rana yarinya ta ƙona miya, maimakon ta faɗa mini sai ta ƙara ruwa da magi ta rufe, aka zuba wa mutane. Da na tambaye ta dalili ta ce tsorona take ji. Ranar na gane tsoron da nake alfahari da shi asara yake jawo mini. Yanzu daga tukunya ɗaya muke ci, in mai saye ya taso da masifa ni nake shiga gaba, gyara kuma sai an tashi, a bayan idon mutane. Babba juji ne. Har waƙa suke yi a wurin wanke-wanke, ban hana ba.

Ɗan Kantin Kwari:
Hajiya, a gidan abinci wannan zai yiwu. Mu da yaro ke riƙe dila ta miliyoyi, yana karɓar kuɗi yana ba da bashi, in ka cika sakin fuska raini ne ke biyo baya. Na ga shagon da ya rushe saboda maigida ya mai da yaransa abokan hira.

Hajiya mai gidan abinci:
Alhaji, wannan sakin lissafi ne ya rusa shi, ba sakin fuska ba. Ka ƙirga kayanka kowane dare, ka duba littafin bashi, sannan ka tambayi yaro ya jikin mahaifiyarsa. Wanne ne ya hana wani?

Ɗan Kantin Kwari:
Ban ce ya hana ba. Amma akwai yaron da in ka yi masa dariya yau, gobe sai ƙarfe goma zai buɗe shago. Ba kowa ake yi wa shimfiɗa iri ɗaya ba, a nan na tsaya.

Tsohon yaron shago:
Ku bari wanda ya zauna a kan keken wani ya ce wani abu. Shekara bakwai na yi kafin a sallame ni. Ba dariya muke nema ba, maigidana ma ba mai yawan magana ba ne. Amma in mai kaya ya yaba ɗinki, sai ya nuna ni ya ce, "Aikin hannun wannan ne." Wallahi ranar ko an ɗauke wuta, da fitilar waya zan ƙarasa aiki ban ji gajiya ba. Daren jajibiri kuma shi da kansa yake zama ya sa maɓalli, ya kama guga, ba ya tafiya gida ya bar mu. A wurina wannan ce shimfiɗar fuskar. Baba tela, yaronka da ya iya buɗe baki ya gaya maka dalili, bai gama fita ba. Wanda ya gama fita cewa yake yi zai je ƙauye gaisuwa.

Tela daga Fagge:
Hajiya, tambayarki ta same ni. Har shayi nake aika a sayo wa masu kawo ɗinki, yaran suna kallo. Yaron bai ɗauke almakashinsa daga shago ba tukuna, kuma na san gidansu. Gobe bayan sallar isha'i zan je da kaina in sha Allah. Abin da ban sani ba, in fara da maganar ƙarin kuɗi ne ko in bar ta sai wani zaman, don kada ya ɗauka sayensa na zo yi. Makanike, kai me ka gani?