Za mu horar da 'yan ƙungiyarmu kan hana yara shaye-shaye, ta ina za mu fara?

Sakatariyar Ƙungiya:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin nan. Muna da wata 'yar ƙungiya ta iyaye da matasa, mu wajen ashirin da biyar, kuma abin da ya hana mu barci shi ne yara ƙanana da ko aji uku na sikandire ba su kai ba sun fara shan giya da ƙwaya. Satin da ya wuce maƙwabciyata tana wa ɗanta wanki ta sa hannu a aljihun wandon makaranta sai ga katin tiramol an ɓalle huɗu, yaron shekararsa 14, haka ta tsaya da wandon a hannu ruwa na ɗiga ta kasa ko magana. To mun yanke mu yi bitar kwana biyu mu fara horar da kanmu kafin mu tunkari yaran. Tsarin da muka yi dai shi ne mu gayyato wani da ya taɓa shaye-shaye ya daina ya ba da labarinsa, mu nuna hotunan hantar da giya ta cinye, sai tattaki da kwalaye ran 26 ga Yuni tunda ita ce ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya. Ya kuke gani, akwai abin da muka manta?

Tsohon Malamin Makaranta:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya saka muku da alheri. Amma zan gaya miki gaskiya ko da ba daɗi, tsarin nan naku kusan duk abin da aka gwada ne aka ga bai cika aiki ba. Ni ma na yi shekaru ina tara ɗalibai ina musu laccar tsoratarwa, suna gyaɗa kai, ana tashi kowa ya kama gabansa. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi, UNODC, ya fitar da ƙa'idojin rigakafi a 2013, suka sabunta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a 2018, kuma a ciki sun lissafa lacca zalla, da tsoratarwa, da kawo tsohon mashayi gaban ɗalibai cikin abubuwan da ko dai ba sa canza komai ko ma su ƙara ɓata lamarin. Yaro yana kallon mutumin nan tsaf da shi cikin kaya masu kyau ana tafa masa, abin da zai ɗauka shi ne ashe ana sha a daina. A Amurka ma an yi wani shiri DARE da aka fara a 1983, 'yan sanda ke shiga aji suna gargaɗi, ya bazu ko'ina, da aka zo aka bi diddigin yaran sai aka ga kusan ba su da bambanci da waɗanda ba su shiga ba, dole daga baya suka canza manhajar.

Abin da zan ba ku shawara, kwana biyun nan ku kashe su a gwaji. Ku zauna bibbiyu, ɗaya ya zama uwa ɗaya ya zama yaron da aka ga ƙwaya a aljihunsa, ku ga wa zai iya minti biyar ba tare da ya daka tsawa ko ya ce "ka kashe ni" ba. Za ki sha mamaki, yawancinmu tambaya ɗaya muke yi sai mu hau wa'azi. Haka su ma yaran, a koya musu yadda za su ce wa babban abokinsu a'a ba tare da sun ji sun zama bare ba, don ba baƙo ne ke fara miƙa musu ba, wanda suke zama benci ɗaya da shi ne.

Nas Mai Aikin Dare:
Baba ya gama magana wlh. Ni dai abin da zan ƙara Anti, ku sa awa ɗaya ko biyu a kan jiki da taimakon gaggawa. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma ɓangaren gaba mai taka wa mutum birki shi ne na ƙarshen kammala, shi ya sa jinkirta farawar ma kaɗai babbar nasara ce. Bincike a Amurka ya nuna wanda ya fara shan giya kafin shekara 15 ya ninka wanda bai fara ba sai da ya kai 21 kusan sau huɗu wajen haɗarin zama wanda ba ya iya rabuwa da ita.

Sannan kowa a ƙungiyar ya san in an tsinci yaro a buge ba ya motsi ba a barinsa rigingine wai ya yi barci ta sake shi, a kwantar da shi ta gefe saboda kar amai ya shaƙe shi, kar a ɗura masa komai a baki, a nemi asibiti. Tiramol in ya yi yawa yana sa jijjiga kamar farfaɗiya, kodin kuma numfashi yake ragewa musamman in an haɗa da giya. Kuma wanda jikinsa ya riga ya saba sosai ba a kulle shi a ɗaki a ce ya daina dare ɗaya, yanke giya farat ɗaya ga irin wannan yana iya kisa. Wannan aikin likita ne, naku ku san inda za ku tura shi tun kafin buƙatar ta taso. Dan Allah kuma ku yi alƙawarin rufin asiri a tsakaninku, in uwa ta kawo kukanta gobe ta ji shi a bakin mutane babu wadda za ta sake zuwa.

Kocin Yara:
Ni Baba ban yarda a ajiye tsohon mashayi gefe gaba ɗaya ba, a gaban yara eh na yarda, amma a gaban iyaye yana da amfani sosai don shi ya san inda ake ɓoyewa da ƙaryar da ake shararawa a gida da irin warin da ake rufewa da turare. Ku kira shi ya koyar da ku ku manya.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi damuna. Ku duba abin da ƙasar Ayislan ta yi, a 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu a watan da ya gabata, zuwa 2016 ya dawo kashi 5. Ba da lacca suka yi ba, tambayoyi suke raba wa ɗalibai su cike ba suna don a san gaskiyar abin da ke faruwa, iyaye suka riƙa haɗa baki kan dokoki iri ɗaya, aka hana 'yan 13 zuwa 16 yawo bayan goman dare lokacin sanyi, aka cika musu yammaci da wasanni da kiɗa da zane a hannun manya masu lura. Ni ina da yara goma sha takwas da nake horarwa ƙwallo, ranar da wani bai zo ba kafin dare na kira gidansu, sau biyu ta haka na gano matsala tun tana ƙarama. Tattakin ku yi shi ba laifi, amma wa zai riƙe yaran washegari da yamma in an tashi daga makaranta?

Sakatariyar Ƙungiya:
Kai na gode ƙwarai, gsky jikina ya yi sanyi don har mun ba da aikin buga hotunan hantar, gobe da safe zan kira a dakata. Zan kai wa kwamiti a mayar da ranar farko ta gwajin magana da yara da taimakon gaggawa, ta biyu kuma mu zauna da tsohon mashayin mu kaɗai sannan mu raba wa zai riƙe wace rana da yamma. Baba dan Allah in ba damuwa ka rubuto min irin tambayoyin da uwa za ta fara da su, maƙwabciyar tawa har yau ba ta yi wa yaron maganar ba, katin yana nan ƙulle a bakin zaninta.