Ɗawisu, ana kallon jelarka, kana kallon ƙafarka

Abban Khalifa: Salamu alaikum. Limaminmu ya kawo wannan maganar a huɗuba yana yabon mai tawali'u. Da yamma kuma gwaggona ta yaɓa wa kishiyarta ita. To yabo ne ko habaici?

Ɗan Gobir: Habaici ne mana. Ka sha ado, amma ka san abin da ka ɓoye.

Malam Na Tudu: A'a, ɗan'uwa. Tsohuwar hikimar Farisawa ce, ina ganin malamai suka kawo mana ita. Mutane na yaba zahirinka, kai kuwa kunyar aibinka ta dame ka. Sunan ma daga Larabci muka aro. Ga Ɗawus bin Kaisan, tabi'in Yaman, almajirin Ibn Abbas. Da sunan abin kunya ne, da ba a kira shi da shi ba.

Maman Ummi: Kakata 'yar Damagaram ba haka take faɗa ba. In mun yi kwalliyar salla muna yanga sai ta zaunar da mu, ta ce da can ɗawisu a bakin ƙofar Aljanna yake, ga murya mai zaƙi. Iblis ya yi ta zuga shi, wai irin wannan kyau bai kamata ya tsufa ba. Ɗawisu ya ruɗu, ya haɗa Iblis da maciji, maciji ya shigar da shi Aljanna. Aka kore su duka. Maciji ya rasa ƙafafu, ɗawisu aka bar masa ado, aka ɓata masa ƙafa da murya. Wai duk ihun da yake yi, ƙafar ya tuna. Sai ta ce mu tashi mu wanke kaushinmu!

Malam Na Tudu: Allah ya jiƙan kaka. Amma Hajiya, wannan Isra'iliyat ne, wato labaran da aka samo daga Bani Isra'ila, babu shi a Alƙur'ani.

Maman Ummi: Amin, Malam. Mu dai ya hana mu girman kai.

Ɗan Gobir: Namu ɗawisun ko sau ɗaya bai kalli ƙafarsa ba. Shekara huɗu yana baza babbar riga a Abuja, rijiyar burtsatse ɗaya ta gagara.

Baƙin Bunu: Shi ma naku kenan? Namu sai zaɓe ya ƙarato yake buɗe jela.

'Yar Zazzau: Ku dai lura, namijin ne mai jelar, macen babu ruwanta. Don me za a jefi kishiya da ita?

Abban Khalifa: Yaya, wannan sai dai ki zo ki tambayi gwaggo da kanki.

Baƙin Bunu: Wai ma ana cin namansa kuwa?