Kafin haila ciki ya ɗaure, ta zo ya sake: basur ne?

Malama: Na gaji da masu tallar magani a kasuwar Tawa. Mace ta ce cikinta ya ɗaure ana saura kwana biyar haila, sai a ce basur ne, a miƙa mata filasko. Ba basur ba ne. Bayan fitar ƙwai, wajen kwana na 14 daga fara haila, sinadarin furojestaron da jikin mace ke samarwa na hawa, ya sanyaya naman hanji, abinci ya daɗe a ciki, hanji ya tsotse ruwansa, bayan gida ya yi tauri. Jini na zuwa sinadarin ya riga ya faɗi, wani sinadarin, furostagilandin mai matse mahaifa, ya taɓa hanji, sai zawo.

Unguwarzoma: Malama, zawo fa kika ce? Zawo shi ne ruwa-ruwa sau 3 ko fiye a yini. Na ranar farkon haila galibi laushi ne.

Malama: Hajiya, a Adar duk abin da ya saki zawo ne.

Unguwarzoma: Shi ya sa ƴan mata ke afka wa Flagyl, maganin kashe ƙwayoyin cuta, babu dalili. Gyara kalmar.

Mai farmasi: Hajiya ta yi gaskiya. In da murɗa, maganin rage ciwo ibuprofen miligiram 400 bayan cin abinci yana rage furostagilandin ɗin. Ban da mai gyambon ciki da mai juna biyu.

Baba mai ganye: Ku naku a kwali magani ne, namu a ƙulli yaudara? Ƙwayar ƙarin jinin da kuke ba mata ita ma tana ɗaure ciki, har bayan gida ya yi baƙi.

Mai farmasi: Baba, ba mu musa ba. Amma filasko zuga hanji yake, a haɗa shi da ciwon mara a ga murɗa.

Ɗalibar likitanci: Yayye, ko an auna? A haɗiye cokalin riɗi ba tauna, a duba agogo har ya fito, galibi kwana 1 zuwa 3. A yi bayan wankan haila, a maimaita ana gab da haila. Gwaje-gwajen masana ma ba su zo baki ɗaya ba.

Baba mai ganye: Yarinya, riɗin na Maradi ko na nan?

Malama: Na rufe. Kowa ya yarda furojestaron ne, kuma zawo sunansa zawo. Ruwa, zogale da wake tun ana saura mako. Wadda ta ga jini a bayan gida, ta tafi likita.

Unguwarzoma: Ni ban yarda da zawon ba.