Inbata na riƙe kwamfuta ko sai an haɗa da UPS?

Mai fotokofi, Mabera: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na ce inbata yaudara ce ga mai kwamfutar tebur. Jiya ina tsaka da buga ma wata ɗaliba aikinta anka ɗauke wuta, fanka ko gezau ba ta yi ba, fitila ta ɗan ƙifta kawai, amma kwamfuta ta mutu ta sake tashi, aikin duk ya tafi, yarinya tsaye tana kallona. Batir 200Ah guda biyu gare ni hwa!

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji ba laifin batir ba ne ko goma ka jera. In wuta ta tafi akwai ɗan makunni cikin inbata da ke juyawa daga layi zuwa batir, kwamfutar tebur kuma abin da take iya jimrewa babu wuta kamar milisakan 16 ne kacal, milisakan dubu kuwa ke yin sakan guda. UPS, wato ɗan akwatin batir da ake haɗa ma kwamfuta don ya riƙe ta in an ɗauke wuta, shina juyawa cikin milisakan 10 ko ƙasa, shi ya sa ba ta ma sanin an ɗauke, inbata kuwa wani shina wuce haka. Fanka ba ruwanta, juyawarta take.

Ɗan Arkilla: To ni mi ya sa tawa ba ta taɓa mutuwa ba, shekara biyu kan inbata?

Injiniya: Laftof ce ko?

Ɗan Arkilla: Eh

Injiniya: Yaya ai da batirinta a ciki 😂

Malama: Ni ban yarda UPS ne mafita ba. Mun sayi ƙaramin nan 650VA a ofis, batir 12V 7Ah ne ciki, minti goma da ƙyar yana ta ƙara kamar ɗan tsako, da zafin Afrilu ya zo kuwa batirin ya kumbura munka aje shi bisa kabad.

Injiniya: Malama ai aikinshi ke nan, ya ba ki lokaci ki adana aiki ki kashe, ba a yini kanshi. Zafi kam gaskiya ne, batirin dalma 25 digiri yake so, mu nan Sakkwato muna haura 40. Alhaji duba bayan inbatanka ko cikin saiti, da yawa suna da wurin da anka rubuta UPS, mai da shi can.

Mai fotokofi, Mabera: Na gani, ɗan maɓalli ne baƙi, wallahi ban taɓa kula ba. To mi ya hana mai haɗawa ya sa shi can tun farko?

Injiniya: Don in shina nan, da wuta ta yi rauni sai ya koma batir, da irin wutar da ake kawo muna da dare sai ka iske batir ya zube.

Malama: Kun ji ko, an gudu ba a tsira ba.

Mai fotokofi, Mabera: Bari dai in an sauko la'asar in kashe layin da hannuna in gani, ban yarda ba tukuna.